Falle Bakwai a Ƙarƙashin Jak

Kwana tara ban rubuta muku komai ba. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce ko an ɗaura auren ne na manta da ku. Ba a ɗaura ba. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya cirewa. Yanzu ma a kan buhun siminti nake zaune ina latsa wayar da yatsa ɗaya, don sauran yatsun har yanzu da busasshen gam a ƙarƙashin farce.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Kaltumi, a Yelwa nake cikin Garwa, ni da mahaifiyata da muke kira Dada. Na yi shekara biyar a Ngaundere ina karatun injuna, na dawo da takarda, takardar ta shige ƙasan akwati. Shekara biyu ke nan. Abin da ya hana zaman ɗaki ya cinye ni shi ne wani inji da na ƙera a tsohon siton Babana, Allah ya jiƙansa, inda da yake ajiye dilolin atamfa.

Injin matse katako ne. In kun taɓa bi ta gaban filin ƙwallo na Roumdé Adjia da yamma, kun ga matasa a kan wani allo mai ƙananan tayoyi huɗu suna sulalewa a kan siminti. Skate suke ce masa. Duk allunan gwanjo ne daga waje, sun sha jiki kafin su iso nan, in ɗaya ya karye sai mai shi ya koma ɗan kallo. Ba daga katako ɗaya ake sassaƙa shi ba. Falle bakwai ne sirara, kowanne bai fi kaurin kwali ba. A shafa musu gam, a jera biyar a tsaye biyu a gicciye, a sa su tsakanin tubala biyu na siminti masu siffar allon, sannan a matse da ƙarfin da hannun mutum ba zai iya bayarwa ba. In gam ya kama sai su fito abu ɗaya, da lanƙwasa a kai da gindi.

Ƙarfin daga jak yake zuwa, irin na ɗaga tirela, tan ashirin. Gaston mai walda na bakin layinmu shi ya haɗa mini firam ɗin ƙarfe, amma zane nawa ne, awo nawa ne, tubalan ma sau uku na zuba su kafin su zauna daidai a kan juna. Wata bakwai ina abu ɗaya.

Duk da haka unguwa ta san kayan Hamadu ne.

Hamadu yayana ne, yana Duwala, kuma bai san bambancin sifana da filaya ba. Dada ce ta fara faɗa wa maƙwabta haka, har ya bi gari. Ta ce in aka ji 'yarta na yini cikin ƙarafa, wa zai ƙara sallama a ƙofar nan? Gaston kaɗai ya san gaskiya, shi ma sai ya waiga hagu da dama kafin ya ce mini, “Injiniya, ya aiki?”

Kamilu mai nemana ma bai sani ba. Wannan kam ba laifin Dada ba ne.

A asibiti muka haɗu bara, gadon Dada yana kusa da na Hajiyarsa. Na ga tsohuwar na rikita lokutan magani, sai na yagi takarda na rubuta mata su da koren birona, na zagaye kowane lokaci da da'ira kamar yadda nake yi tun ina makaranta. Ya ce har yau takardar na liƙe a bangon ɗakinta. Yana aiki da motocin da ke ɗauko auduga daga Tuboro, mutum ne mai ƙarancin magana, ni ma haka, shi ya sa hirarmu a waya ta fi ta zaure tsawo. Ina son sa. Ban taɓa rubuta wannan a fili ba sai yau. A watan Afrilu ya ga ƙuna a hannuna, inda gefen ƙarfe mai zafi ya taɓa ni, ya tambaya. Na ce mai ne ya fallatsa ina suyar makala, fanken nan namu. Ya ce Allah ya sawwaƙe. Tun daga ranar nake cewa gobe zan gaya masa.

Ranar Laraba Bappa Hashim, ƙanen Babana kuma waliyyina, ya zo ya tsaya a bakin sito yana tattare da gefen babbar rigarsa kada ta taɓa komai.

“Lahadi bayan la'asar manyan Kamilu za su zo neman aure,” ya ce. “In an daidaita, Juma'a a sa rana. Wannan tarkacen fa?”

“Ba tarkace ba ne, Bappa.”

“To mene ne? Wata bakwai ina jin ƙara, ban ga ya haifi ko kujerar tsugunno ba.”

Na ce katakon da nake gwaji da shi ba mai kyau ba ne, yana tsagewa. Mai kyau yana hanya, Solange ƙawata ta makaranta ta samo mini shi a wani kamfanin katako a kudu.

Ya daɗe yana kallon injin. Bappa ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Mutum ne da in ya faɗi magana yakan ɗaure kansa da ita fiye da yadda yake ɗaure kowa.

“Ki fitar mini da allo ɗaya,” ya ce, “wanda zan hau da ƙafafuna biyu bai buɗe ba. In kin yi, ni da bakina zan gaya wa mutanen nan cewa 'yarmu na da sana'a, kuma da ita za ta tare. In ba ki yi ba, Litinin da hantsi mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo, a share ɗakin a fara tara kayan ɗakinki. Maganar kuma ta mutu a nan. Kin yarda?”

Dada na bayansa tana girgiza mini kai. Na ce na yarda.

Katakon bai iso ba sai Asabar da magariba. Na je ofishin motar na karɓo shi a naɗe cikin kwali, na ɗora a cinya a bayan mai babur kamar na ɗauko jariri. Falle takwas Solange ta aiko. Ɗaya ya tsage a hanya. Saura bakwai cif, ba na gwaji, ba na kuskure.

Na yi lissafina. Damina ce, iska da laima, gam ba ya saurin kamawa. Aƙalla awa shida kada a taɓa, in da hali a bar shi ya kwana. In na matse da sassafe, kafin la'asar da baƙi za su zo an wuce haɗari, Litinin da safe in buɗe a gaban Bappa. Lissafin bai da aibi. Har yanzu in na sake duba shi ban ga inda na yi kuskure ba.

Lahadi bayan na yi sallar asuba na sa tsohuwar rigar ƙwallon Hamadu a kan zanina, na ɗaure kai. An yi ruwa da dare, tsakar gida na ƙamshin ƙasa. Na shimfiɗa leda a kan tubalin ƙasa, na jera fallayen a kan tebur yadda za su bi juna, na rubuta wa kowanne lamba a kusurwa. Minti goma ne kawai tsakanin shafa gam na farko da matsewa. In ka wuce, saman gam ya yi fata, aikin ya tashi a banza. Na yi bisimilla na fara. Shafa, juya, ɗora. Shafa, juya, ɗora. Lallen da Dada ta sa aka yi mini ranar Juma'a ya koma fari fat. Na sauke tubalin sama, na ɗora farantin ƙarfe, na tsayar da jak a tsakiya, na sa hannunsa na fara bugawa.

Da farko sakayau yake tafiya. Can sai ya yi nauyi, sai da na sa ƙirji. Firam ɗin ya yi ɗan kuka, ban tsorata ba, na san kukan. Sannan na durƙusa na leƙa gefe. Gam na fitowa ɗigo-ɗigo a jere, ko'ina daidai, daga kai har gindi, kamar an ɗinka wa allon farin dutsen ado. Ma'anarsa ƙarfin ya isa kowane lungu. Wata bakwai ban taɓa ganin ya fito haka ba. Na zauna a ƙasa na yi dariya ni kaɗai, a hankali, kada Dada ta ji.

Na yanki farin salatif na liƙa a jikin jak, na rubuta: An matse 7h10. Kada a taɓa sai gobe. Na zagaye lokacin.

Ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar wayata ta yi ƙara.

Kamilu: Kin tashi lafiya? Muna hanya. Bappana Alhaji Oumar zai wuce Tuboro yau, ya ce a yi abin da safe. Na kira Bappanki, ya ce ba komai. Ki yi haƙuri da mu.

Ban ji tsoro ba a lokacin. Me ya haɗa baƙi da sito? Dada ce ta rikice. Ta ɗora shayi, ta aika a sayo makala, folere, wato zoɓo, da aka jiƙa don yamma ko sanyi bai yi ba. Ta ja ni ɗakinta tana kankare mini hannu da soso.

“Dubi lalle. Dubi abin da kika yi wa lalle. In suka ce ki fito ki gaishe su, da wannan hannun za ki fito?”

“Zan ɓoye a gyale.”

“Komai ke ɓoyewa. Ɗaga hannu.”

Na so in ce wa ya koya mini, ban ce ba. Ta sa mini atamfar nan mai ruwan toka da zanen ganye, wadda aka ɗinka don ranar, ta ɗaura mini kallabi har kunnena ya yi zafi, ta yafa mini gyale ruwan goro, ta turara ni. Sannan ta zaunar da ni a bakin gado. Bangon ɗakin Dada shi ne bangon sito. Ina zaune ina jin injina a bayana kamar yadda ake jin mutum na barci a ɗaki ɗaya.

Su uku suka shigo. Kamilu ya ajiye su ya koma ya zauna a mota a ƙofar gida, don mai neman aure ba ya shiga ranar da ake nema masa. Ina jin muryoyinsu daga falo, rabi Hausa rabi Fulatanci, gaisuwa kan gaisuwa, ruwan sama, farashin auduga, waye kakan wa. An ambaci sunana sau biyu. Aka yi addu'a, aka raba goro. Ba su nemi in fito ba. Kafin ƙarfe takwas sun miƙe, Bappa ya raka su.

Dada ta sauke numfashi. Ni ma na fara sassauta kallabi.

Sai muka ji ba a tayar da mota ba.

Tagar ɗakin na kallon zaure, magana na shigowa sarai. Taya ta sace, ƙusa ta taka a cikin taɓon layinmu. Akwai wata tayar a but, amma jak ɗin Alhaji Oumar yana wurin wani maƙwabcinsa da ya ara tun azumi. Mai faci bai buɗe ba, Lahadi ce.

“Ko akwai mai jak a kusa, Malam Hashim?”

Na ji shirun Bappa. Bai fi numfashi biyu ba. Ku da kuka tashi a gida irin namu kun san abin da ke cikin shirun. Baƙon da ya zo neman 'yarka, motarsa ta mutu a ƙofarka, ya roƙi abu da bakinsa, abin kuma yana cikin gidan. Ba a cewa babu. Ko maƙwabci ba a ce masa babu, balle suruki.

“Akwai,” Bappa ya ce. “Na yaron nan Hamadu. Bari in ɗauko.”

Na miƙe. Dada ta riƙe mini wuyan hannu.

“Zauna.”

“Dada, zai saki.”

“Minti biyar ne, ya mayar.”

“Ba ya yiwuwa. Ko awa ɗaya bai yi ba. In ya saki, shi ke nan.”

“Surukanki na bakin ƙofa. Muryarki ba za ta fita daga ɗakin nan ba yau, Kaltumi. So kike su koma su ce yarinyar da suka zo nema ta fito tana ɗaga wa waliyyinta murya a kan ƙarfe?”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma matse ni sosai ba. Da na fizge da na fita. Wannan nake so ku sani, don kada ku cika mini waya da zagin Dada. Ban fizge ba. Na kira lambar Bappa da ɗaya hannun, sai na ji wayarsa na ringi a falo, kusa da tiren shayi inda ya bar ta. Na buɗe sunan Kamilu. Yana nan waje, taku goma daga inda nake. Kalma biyar ta isa: ka ce ba ka so. Na rubuta. Sai na ga zai tambaya don me, kuma amsar ita ce duk abin da na ɓoye tun Afrilu. Na goge.

Ƙofar sito ta yi ƙara. Takun Bappa. Ya ɗan yi lalube, don bai san inda ake murɗawa ba, har na fara sa rai ba zai gane ba. A gindin jak akwai wata 'yar kusa, in an murɗa ta hagu ƙarfin ya sauka. Ya gane.

Ba ƙara ba ce babba. Kamar mutum ya sauke ajiyar zuciya ne. Bayanta sai wani ɗan ƙas, ƙas, sau uku ko huɗu, fallayen na miƙewa suna rabuwa da juna a wajen lanƙwasa. Dada ba ta san me ƙarar take nufi ba, amma ta ga fuskata, ta saki hannuna.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau nake kasa haɗiyewa. Jak ɗin bai shiga ba. Na tirela ne, tsayinsa ya wuce taƙi guda, motar Alhaji kuwa ƙarama ce, ga taya a ƙasa. Ko kusa bai shiga ƙarƙashinta ba. Na ji dariyar Gaston daga bakin layi, sannan dariyar ta yanke lokaci ɗaya, na san ya gane jak ɗin da kuma inda aka ciro shi. Ya koma shagonsa ya kawo wani ƙarami. Aka canza taya, aka yi godiya, “useko, useko,” mota ta tashi.

Minti goma sha takwas. Na ƙirga a agogon bangon Dada.

Bappa ya shigo rungume da jak, baƙin mai ya ɓata masa gaban farar riga, yana haki.

“Wannan abu da nauyin tsiya, kuma bai ma yi amfani ba. Karɓi ki mayar, ai ba a daɗe ba. Ga simintin ma na bar shi a kai, bai motsa ba.”

Na karɓa da hannu biyu, cikin atamfar da aka ɗinka don ranar. Na ce, “To, Bappa.” Na mayar, na buga har ƙirjina ya yi ciwo. Na durƙusa na leƙa. Ko ɗigo ɗaya bai fito ba. Gam ɗin ya riga ya yi fata a ciki. Sai a lokacin na lura salatif ɗin ba ya jikin jak.

Yinin ranar ba ni da abin da zan ba ku labari. Maƙwabta sun shigo cin goro, ana ta guɗa, ana ja mini kumatu. Na yi murmushi inda ya kamata. Bayan azahar Dada ta kawo ruwan ɗumi a roba, ta zauna tana ɓare mini gam daga yatsu ɗaya bayan ɗaya.

“Ya lalace ko?” ta ce, ba ta ɗago ba.

“Sai an buɗe.”

“Ya lalace. Da akwai sauran rai a ciki da kin yi kuka.”

Bayan la'asar, daidai lokacin da ya kamata a ce baƙin na sallama, hoto ya shigo wayata. Salatif ɗina ne, a liƙe a kan sitiyarin mota. Koren biro, da'ira a kan 7h10.

Kamilu: Yayanki ma da koren biro yake rubutu?

Na ajiye wayar a kife. Na ɗauka. Na sake ajiyewa. Na yi tunanin ƙarya guda uku, duk masu kyau ne, duk za su wuce. Amma na gaji, wallahi gajiya ce ta sa, ba jarumta ba.

Ni: Rubutuna ne. Jak ɗin nawa ne, injin da aka ciro shi ma nawa ne, ni na zana shi. Hamadu bai taɓa ganinsa ba. Allon skate nake son in riƙa yi. Ƙunar hannuna ba man makala ba ne.

Ya karanta nan take. Yana rubutu, ya tsaya. Yana rubutu, ya tsaya.

Kamilu: Mai ba ya ƙuna a miƙe kamar an ja layi. Cikin kanikawa nake yini, Kaltumi. Tun Afrilu na san ƙarfe ne. Jira nake ki faɗa da bakinki.

Kamilu: Da na karanta salatif ɗin na so in mayar da jak ɗin da gudu. Amma ba na shiga gidanku yau, kuma Bappanki ya ce na Hamadu ne. In na yi magana na ƙaryata shi a gaban manya.

Kamilu: Taku goma ne tsakaninmu. Me ya hana ki rubuto mini?

Na rubuta masa sharaɗin da muka yi da Bappa, da mai ƙarafa da zai zo da hantsi. Ya karanta. Kiran da yake yi kullum bayan isha kuwa bai zo ba.

Yau Litinin na buɗe injin tun kafin Bappa ya iso. Daga nesa allon ya yi kyau, har siffar ta fito. Na ɗauko katin shaidata na tura a gefen lanƙwasar kai. Ya shige har rabi, tsakanin falle na uku da na huɗu. Gindin ma haka.

Bappa ya zo wajen tara, ya cire takalmi zai hau. Na ce ba sai ya hau ba, na nuna masa katin a tsaye a cikin katako. Ya karɓi allon ya juya shi, ya sa babban yatsa, fallayen suka buɗe kamar littafi.

“Sakin da na yi ne?”

“E, Bappa.”

“Minti nawa ne duka?”

“Sha takwas.”

Ya mayar da takalminsa a hankali. Ya tsaya, yana kallona, kuma na san jira yake. Da na ce Bappa a ba ni mako uku Solange ta sake aikowa, ina jin da ya samu hanyar da zai bi ya sauka daga maganarsa ba tare da ya ji ya karya ta ba. Ni kuwa ina jira shi ya fara. Haka muka tsaya, shi da kunyarsa ni da tawa, har aka yi sallama a zaure.

Mai ƙarafa ne da mutum biyu da amalanke. Ya zagaya injin yana ƙwanƙwasa shi da ƙafa. Ya ce ƙarfen na da kyau, simintin kuma ba ya so, a fasa a cike ramin layi da shi. Suka sauke jak suka ajiye gefe, suka ture tubalan, suka fara jan firam ɗin yana kartar ƙasa. Na koma bayan ƙofa inda mace ke tsayawa in maza na aiki. Wayar ta motsa a hannuna.

Kamilu: Na auna ƙofar ɗakin da ke bayan gidanmu, wanda ake ajiye gawayi. Santimita tamanin. Injin zai shiga?

Ba sai na nemi abin awo ba. Ni na zana shi. Casa'in da biyu ne, kuma walda ce, ba noti ba, ba a kwance shi.

Ni: Ba zai shiga ba. Saura sha biyu.

Sun kai shi tsakiyar zaure, rabi a ciki rabi a waje, ɗaya na warware igiya. Ban san lokacin da na fito ba.

“Bappa, a dakata.”

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa. Maza huɗu suka juyo. Dada ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. Bappa ya dube ni, ya dubi wayar.

“Akwai wata magana ne bayan wadda muka yi?”

“Akwai. Ban san ƙarshenta ba tukuna.”

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya juya wajen mai ƙarafa ya ce masa da Fulatanci ya je ya dawo gobe war haka. Mutumin ya yi gunaguni, ya ce shi ba zai mayar da shi ciki ba. Bappa ya ce a bar shi a nan. Yanzu haka injina na tsaye a zaure, duk mai shiga gidan sai ya bi ta gefe ya tattare riga, kuma matan layi uku sun riga sun tambayi Dada ko Hamadu ya dawo ne.

Amsar Kamilu ba ta zo ba sai da aka kira azahar.

Kamilu: To sai a fasa bango a faɗaɗa ƙofar. Aikin yini ɗaya ne.

Kamilu: Amma gidan ba nawa ba ne, na Hajiya ne. Na gaya mata komai, har da maganar man makala. Ba ta yi dariya ba.

Kamilu: Ta ce ki zo yau bayan la'asar, ke da kanki, ba aike ba. Ta ce ki taho da allon da ya lalace.

Na nuna wa Dada. Ta zauna a kan turmi. Ta ce a danginmu kaf ba a taɓa jin yarinya ta taka gidan surukai da ƙafarta tsakanin neman aure da sa rana ba, balle ta je ɗauke da katako. Ta ce in na je, ita ba ta aike ni ba. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon zaninta ta jefo mini.

“Naɗe shi. Kada ki ratsa unguwar Lopéré da shi a buɗe.”

Na naɗe. Yana nan jingine da gwiwata, kan ya ɗan leƙo ta inda zanin bai kai ba. Na gwada rufe ƙunar hannuna da gyale, sai na tuna babu sauran wanda zan ɓoye wa a gidan da zan je. Ga ladan can ya fara gyaran murya.